Idan mai buɗe ƙofa ya tsuga maka kuɗi a Ingila, ga yadda za ka bi haƙƙinka

Da yawa daga ƙofofin gidajen haya a Ingila irin masu kulle kansu ne, ka fita zubar da shara ko karɓar saƙo iska ta turo ƙofa ƙarap, makulli yana ciki kai kana waje cikin sanyi da silifas. 'Yan uwanmu ɗalibai da masu aikin asibiti da ke dawowa daga aikin dare abin yakan same su. Sai mutum ya shiga Google ya danna lambar farko da ya gani, wadda ta ce aiki daga fam 39 ko 49, mutumin ya zo ya huda makullin da na'ura cikin 'yan mintuna ya saka sabo sannan ya miƙo takardar fam ɗari huɗu ko biyar. Toh ka sani a ƙasar ba a buƙatar lasisi kafin mutum ya kira kansa mai gyaran makulli, kuma da yawa daga tallan nan na saman Google cibiyar amsa waya ce kawai da ke turo duk wanda ke kusa.

Rigimar nan tun a bakin ƙofa ake cinta. A gida ba mai sa kafinta aiki bai gama ciniki ba, amma a nan kunya da sanyi da rashin sabo da Turancinsu su kan sa mu yi shiru, kuma wallahi shirun nan suke nema. Kafin ya sauke jakar kayan aikinsa ka tambaye shi jimillar kuɗin gaba ɗaya, kuɗin zuwa da na aiki da na sabon makulli da harajin VAT, ka ce ya turo maka a tes. Ka ɗau skirinshot ɗin tallan da ka gani tun kafin ya iso saboda tallan kan ɓace. In ka ga ya ciro abin huda ko gwada buɗewa bai yi ba ka tsayar da shi, ƙwararre yakan fara gwada buɗe irin waɗannan ƙofofin ba tare da ya lalata komai ba, hudawa ita ce hanyar da za a sayar maka da sabon makulli a ninkin kuɗinsa.

In kuma aikin gama ya gama, an huda an canza yana tsaye yana jiran kuɗi, ka nemi rasit mai ɗauke da sunan kamfani da adireshi, kowane abu da kuɗinsa daban. Ka riƙe tsohon makullin da aka cire, ka ɗau hoton sabon da kwalinsa yadda lambar samfurin za ta fito, da ita za ka duba nawa ake sayar da shi a shago. Kana iya cewa za ka biya abin da aka faɗa maka a waya, sauran a yi shi a rubuce. In ya tsaya kai da fata ko ya ƙi ba ka sabon makullin, kar ka yi dambe da kowa a kan kuɗi da tsakar dare, ka biya da kati, ka rubuta a jikin rasit ɗin cewa ka biya ne ba da yardarka ba kuma kana ƙalubalantar kuɗin, ka ɗau hoto. Kar ka yarda da kash ko tiransifa, kuma kar ka bi shi wajen ATM. In ya fara barazana ko ya ƙi fita daga gidan 999, lambar gaggawa ta 'yan sanda, za ka kira.

Washegari ka zauna ka rubuta imel, ba kiran waya ba. Dokar Consumer Rights Act ta 2015 tana bayanka: sashe na 50 ya ce abin da aka faɗa maka game da aikin wanda ka dogara da shi ka yarda, ya zama cikin yarjejeniyar, sashe na 51 kuma ya ce in ba a tsayar da farashi ba to abin da ya dace kawai za ka biya. Abin da ya dace ɗin kai za ka nuna shi, don haka ka kira masu gyara biyu ko uku na unguwarku, zai fi kyau 'yan ƙungiyar Master Locksmiths Association da ke tantance mambobinta, ka tambaye su nawa za su karɓa a irin aikin a irin wannan lokacin na dare, su turo a rubuce. Aikin dare da ƙarshen mako dama ya fi tsada, kar ka ce sai a mayar maka da komai, bambancin za ka nema. Ka faɗi adadin, ka ba su kwana 14. In sun caje ka VAT, wanda kashi 20 ne, ka duba lambar VAT ɗinsu a shafin gwamnati, wanda bai yi rajista ba ba shi da hurumin karɓa.

Kar ka ɓata lokaci a kan maganar kwana 14 na fasa ciniki da wasu za su ba ka shawara, gyaran gaggawa da kai ka kira a zo a yi ba ya ciki.

In sun yi biris sai banki. Wanda ya biya da katin kiredit kuma kuɗin ya haura fam 100, sashe na 75 na dokar Consumer Credit Act ta 1974 ya sa kamfanin katin ya ɗauki alhaki tare da mai aikin. Katin debit kuwa ka nemi cajbak, wato banki ya ƙwato maka kuɗin daga wajen mai aikin, shi ba doka ba ne tsarin su Visa da Mastercard ne, kuma yawanci kwana 120 ne wa'adin don haka kar ka bari sai ka gama jarrabawa. In bankin ya ƙi ka shigar da ƙorafi a wajensu, bayan amsarsu ta ƙarshe ko sati takwas ka wuce Financial Ombudsman, hukumar da ke raba gardama tsakanin banki da abokin hulɗarsa, kyauta ne. Ka kuma kai rahoto Citizens Advice, ƙungiyar da ke ba jama'a shawara kyauta, su ke miƙa wa jami'an Trading Standards masu sa ido kan 'yan kasuwa, ko da kai ba ka samu komai ta nan ba rahoton yana taruwa a kan kamfanin.

Kotun ƙananan ƙararraki ita ce ta ƙarshe, a Ingila da Wales tana sauraron har fam 10,000, ta intanet ake shigarwa ba sai da lauya ba, kuɗin shigarwa daga fam 35 yake farawa. Amma ka fara duba sunan kamfanin a Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, in babu shi babu adireshin gaske to ko ka ci shari'ar karɓo kuɗin zai yi wuya, bankinka ya fi. In makullin ƙofar da kansa ne ya lalace ba kai ka manta ɗan makulli a ciki ba, ka tura wa mai gida ko ejan rasit ɗin ma, galibi gyaran nasu ne.