Yadda ɗan damben boksin zai tsallaka daga neman lambar yabo zuwa damben kuɗi

Boksin hawa biyu ne. Akwai na lambar yabo, wanda ake yi da sunan jiha ko ƙasa a ƙarƙashin hukumar damben boksin ta Najeriya (NBF), kamar a gasar wasanni ta ƙasa ko Olamfik. Akwai kuma na kuɗi, wanda hukumar kula da damben kuɗi, wato NBB of C, ke ba da lasisinsa a Najeriya. Matashin Bauchi ko Gombe da ke son ya mai da dambe sana'a ya sani cewa suna ne kawai ya haɗa hawa biyun nan.

Da farko, kada ka yi gaggawar barin rigar jiha. A nan ne ake doke ka ba tare da an rubuta maka baƙin tarihi ba. Ɗan damben Najeriya Samuel Peter sai da ya je Olamfik ta Sydney a 2000 kafin ya shiga damben kuɗi a 2001, kambun duniya na hukumar WBC kuwa bai zo hannunsa ba sai 2008. Efe Ajagba ma sai bayan Rio 2016 ya tsallaka. A damben kuɗi, duk faɗuwa tana shiga BoxRec, shafin intanet da ke ajiye tarihin wasannin 'yan dambe, kuma nan masu shirya wasa ke fara leƙawa kafin su kira ka.

Sai gyaran jiki, kuma nan ne aikin yake. Ka saba da turmi uku na minti uku-uku, inda ake ruwan naushi don tara maki. Yanzu za ka fara da turmi huɗu, ka hau shida, takwas, goma, na kambu kuma sha biyu. Wanda ya fito da zafin da ya saba, numfashinsa kan ƙare a turmi na huɗu, hannu ya sauka, haɓa ta fito fili. Don haka a atisaye ka riƙa yin turmi biyu fiye da abin da za ka yi ranar wasa, da hutun minti ɗaya cif. Gudun asuba na kilomita shida zuwa takwas, sau huɗu a mako, ya wadatar a farko. Zafin Maris da Afrilu a Gombe ba ya ɗaukar gudun rana.

Safar hannu ma ta canza. Daga mai oza 10 ko 12 za ka koma mai oza 8 idan nauyinka bai wuce kilo 66.7 ba, oza 10 idan ya wuce. Sosonta kaɗan ne, saboda haka naushi yana ratsawa, gira tana tsagewa, ƙashin bayan hannu yana karyewa idan naɗin bai yi kyau ba. Ka samu wanda ya iya naɗa hannu da bandeji da filasta. Ka koyi dasa ƙafa kafin ka saki naushi, ka koyi dukan ciki da haƙarƙari, domin shi ke cinye ƙarfin abokin karawa a dogon wasa. Wanda ya fito daga damben gargajiya yana da ƙarin aiki: ya saba da hannun kara ɗaya, ɗayan na kariya, a nan kuwa hannun gaba shi ne rabin wasan.

Kafin lasisi akwai gwajin asibiti: jini don ciwon hanta da ƙanjamau, ido da zuciya, wasu hukumomin kuma har da hoton ƙwaƙwalwa. Ka fara tambaya a asibitin koyarwa na Bauchi ko na Gombe. Kada ka yarda wani ya kawo maka takardar likita ba a duba ka ba. Ɗan damben Najeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi a tsakiyar wasa a Bukom da ke Accra a watan Maris na 2025, rai ya yi halinsa. Idan an sumar da kai a wasa, akwai hutun dole na wata ɗaya zuwa uku, har da atisayen da ake musayar naushi. Wasan ƙasar waje kuma sai da takardar izinin hukuma.

Yanzu maganar kuɗi, inda aka fi cutar sababbi. Manaja naka ne, shi ke nema maka wasa da farashi. Mai shirya wasa kuwa ribar taronsa yake dubawa. Kada mutum ɗaya ya riƙe maka duka biyun. A al'adar Amurka koci kan ɗauki kashi 10 cikin ɗari, manaja har zuwa kashi ɗaya bisa uku. Duk abin da kuka yi ciniki, a rubuta: shekara nawa, wasa nawa a shekara, nawa ne ladan kowane wasa, wa zai biya mota da masauki. Ka kai wa lauya ya karanta kafin ka sa hannu. Yawancin manyan wasanni, irin su GOtv Boxing Night, a Legas ake yin su, kuma kuɗin mota daga Bauchi kaɗai na iya lashe ladan turmi huɗu. Kada ka saki sana'ar hannunka tukuna.

Ka yi hattara da kiran gaggawa: a ce ka zo nan da kwana biyar, kuɗin da tsoka, abokin karawar kuma ya ci wasa goma sha biyar a jere. Tsani ake nema a mai da kai. Wasanni biyar ko shida na farko su kasance da tsararrakinka.

Awon nauyi ana yin sa kwana ɗaya kafin wasa, ba da safiyar ranar ba kamar yadda ka saba. Wannan ke rudar wasu su ƙi shan ruwa don zubar da kilo biyar a kwana biyu, su shiga fage ƙafa na rawa. Ka fara rage tuwo da mai tun saura mako shida, rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako. Bayan awo ka sha ruwa kaɗan-kaɗan da ruwan gishiri da sukari, ka ci shinkafa ko dankali da ka saba da su, ka bar kayan yaji sai an tashi wasa.