Yadda zaka kama kuskure a Forth da CATCH da THROW

Jama'a masu wasa da yaren rubuta firogiram na Forth, yau maganar kama kuskure zamu yi, domin yawancin mutum idan ya fara koyo yana iya dup da swap da rot har ya fara jin kansa, amma da zarar firogiram ɗinsa ya haɗu da fayil ɗin da babu ko aka raba lamba da sifili shikenan komai ya watse, ya dawo kan layin umarni yana kallon saƙon da bai gane ba. Forth ɗin da Charles Moore ya ƙirƙiro wajajen 1970 kowa da yadda yake magance wannan a nasa tsarin, sai a ƙa'idar ANS ta 1994 aka tsayar da kalmomi biyu, catch da throw. Da Gforth, ɗaya daga cikin tsarukan Forth, zan yi misalan, idan kana kan Ubuntu ko Debian sudo apt install gforth ya wadatar.

Mu fara da throw don ta fi sauƙi. Lamba ɗaya take ɗauka daga saman stak, wato tarin da Forth ke jera lambobi ɗaya kan ɗaya. Idan sifili ce sai ta yar da ita kawai aiki ya ci gaba kamar ba ai komai ba, idan kuma ba sifili bace toh nan take zata bar inda ake, ta tsallake duk kalmomin da suka kira juna komai zurfinsu, ta dira kan catch mafi kusa. Idan babu catch ko ɗaya, tsarin ne da kansa zai kama ya buga maka saƙo ya share stak.

Ita kuma catch ba kalmar kake kira kai tsaye ba, xt ɗinta kake miƙa mata, wato lambar da ke nuna kalmar, ita zata kira maka. Idan kana bugawa kai tsaye alamar ' ce ke ba ka xt, idan kuma kana tsakanin : da ; wato cikin ma'anar kalma, sai kayi amfani da ['] , wannan bambancin yana cin mutane sosai. Ga misali:

: raba ( a b -- c ) dup 0= if -10 throw then / ;

: gwada ( a b -- )
  ['] raba catch
  dup -10 = if drop 2drop ." ba a raba da sifili" exit then
  throw . ;

Buga 20 4 gwada zaka ga 5. Buga 20 0 gwada zaka ga saƙonmu. Kula da wancan throw ɗin na layin ƙarshe, shi ne wayon abin: idan komai ya tafi daidai catch ta ajiye 0 a sama, throw ta haɗiye shi a buga amsa, idan kuwa wani kuskure ne daban wanda ba -10 ba sai ta wurga shi gaba ga wanda ya san yadda zai yi da shi. Masu rubuta catch drop don kawai firogiram ya yi shiru, gaskiya suna haƙa wa kansu rami ne, ranar da abu zai lalace ba zasu san daga ina ya faro ba. Na duba sifilin da hannu ne kuma da gangan, saboda ƙa'ida bata tilasta wa kowane tsari ya yi throw idan an raba da sifili ba, wani Forth ɗin na kan ƙaramin cip zai iya ba ka shirme ya wuce abinsa.

Yanzu ga inda nake so a nutsu. Me yasa akwai 2drop a can? Saboda idan throw ta faru, catch tana mayar da zurfin stak yadda yake kafin a kira kalmar, sannan ta ɗora lambar kuskuren a kai. Mun shiga da abu biyu, a da b, don haka zamu tarar da gurabe biyu ƙarƙashin lambar, dole mu kwashe su. Amma fa zurfin kawai aka yi maka alkawari, abin da ke cikin guraben babu wanda ya ɗau maka nauyinsa. Kamar ka aiki yaro da kwanuka biyu ne ya dawo maka da kwanuka biyu, lissafi ya cika, amma sai ka buɗe zaka san ko tuwonka ne a ciki. Gwada wannan ka gani da idonka:

: lalata ( a b -- ) 2drop 7 8 9 1 throw ;
1 2 ' lalata catch .s

A yawancin tsaruka 7 8 1 zaka gani, 1 da 2 ɗinka sun tafi. Dalili kuwa catch ba hoton stak take ɗauka ba, adireshin samansa kawai take ajiyewa a stak ɗin komawa (stak na biyu, inda ake ajiye adireshin da kalma zata koma) tare da adireshin catch ɗin da ta gabace ta, throw kuma ta zo ta mayar da waɗannan adiresoshin, shi yasa duk abin layi kaɗan ne idan ka duba yadda aka rubuta shi da sp@ da rp@, kalmomin da ke ba da adireshin saman stak ɗin biyu. Saboda haka duk abin da zaka buƙata bayan kuskure, ka ajiye kwafinsa inda kalmar ba zata taɓa ba.

Fayil shi ne babban misali. Kalmomi irin su open-file da close-file da allocate duk suna barin lambar sakamako a sama, sifili idan an dace, shi yasa zaka riƙa ganin open-file throw a kod ɗin mutane, an yi su ne su hau juna.

: karanta ( adireshi tsawo -- )
  r/o open-file throw
  dup >r ['] sarrafa catch
  r> close-file throw throw ;

A nan sarrafa kalmarka ce mai cin lambar fayil ta yi aikinta. Mun ɓoye kwafin lambar da >r, ko aiki ya yi kyau ko ya ɓaci zamu rufe fayil ɗin tukuna sannan mu wuce da kuskuren gaba. Abu ɗaya dai, idan rufewar ita ma ta gaza toh kuskurenta zai danne na farko, in na farkon ya fi maka muhimmanci sai ka sa drop a madadin throw ɗin da ke bin close-file. Haka zaka yi da memorin da ka karɓa da allocate, catch ba zata yi maka free ba. Haka ma base, inda ake ajiye tushen da ake karantawa da buga lambobi, idan kalma ta juya zuwa hex (tushe 16) ta faɗi a tsakiya zaka dawo kana ganin lambobi kamar an yi musu asiri, ka ajiye base @ kafin catch ka mayar bayanta.

Batun lambobi kuma, daga -1 zuwa -255 na ƙa'ida ne, -1 ita ce abort, -2 abort" mai saƙo, -4 an ciro daga stak ɗin da babu komai, -13 kalmar da ba a sani ba, -38 babu fayil ɗin. Daga -256 zuwa -4095 na masu tsarin ne, kar ka shiga gonarsu, naka ka ɗauko daga lambobin da suka haura sifili ka ba su suna da constant. A Gforth ma akwai hanya mai daɗi, ka rubuta s" kati ya ƙare" exception constant babu-kati , zai zaɓa maka lamba, kuma in ba wanda ya kama zai buga saƙon naka maimakon lamba tsirara, sai dai wannan na Gforth ne kar ka sa ran samunsa ko'ina.

Ni a ganina ba komai ake yi wa throw ba. Ka nemi suna a jeri baka samu ba, wannan abu ne na yau da kullum, mayar da true ko false ya fi tsafta kuma mai karanta bayanin stak ɗinka zai gani. Ka bar throw ga abin da kalmar da ke wurin bata da yadda zata yi da shi, kamar fayil ya ɓace ko memori ya ƙare, sannan ka sa catch ɗaya a babban madaukin firogiram ɗin wadda zata buga lambar ta koma jiran umarni na gaba.