Yadda Ake Zaɓen Yawon Yini Ɗaya Daga Dubai Zuwa Duwatsu Da Sahara

Da yawa daga cikin 'yan kasuwar Katsina da Daura da ke zuwa sari Dubai sukan gama haɗa kayansu, su miƙa wa masu kago, sannan su tarar da sauran yini ɗaya ko biyu kafin ranar jirgi. Galibi wannan rarar lokaci tana ƙarewa a manyan kantuna, ko kuma a hannun dillalin da ya fara tare mutum a bakin masaukinsa a unguwar Dera, ya nuna masa takarda mai hotunan raƙuma da motoci a kan rairayi, ya ce, "Alhaji, gobe da yamma za a zo a ɗauke ka." Shawarata ita ce kada takardar dillali ta yi maka zaɓi. Watan da ka je, da mutanen da kuke tare, da irin bizar da ke hannunka, su ne za su nuna maka inda ya dace ka nufa.

Fara da duba wata. Daga Nuwamba zuwa Maris ne ake jin daɗin fita fili a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa. Daga Yuni zuwa Satumba kuwa zafi yakan wuce digiri 40, ga laimar teku da ke hana gumi bushewa a jiki, saboda haka kada Bakatsine ya ruɗi kansa da cewa ya saba da zafin bazara. Wanda ya je a waɗannan watanni ya nemi wuri mai bisa kamar saman dutse, ko ya fita da asuba ya dawo kafin hantsi ya yi nisa.

Idan ra'ayina ake tambaya, Hatta ce ta farko ga wanda bai taɓa fita daga cikin birnin ba. Garin yana cikin duwatsun Hajar, kimanin kilomita 130 daga Dubai, wato bai kai nisan Katsina zuwa Kano ba, kuma tafiyar awa ɗaya da rabi ce a mota. Abin da ake zuwa gani shi ne madatsar ruwan da ke tsakanin duwatsu tsirara marasa bishiya, inda ruwan yake kore shar, ana kuma hayar ƙananan kwale-kwale tare da rigar da ke hana nitsewa. Akwai tsohon ƙauyen da aka gyara domin baƙi su ga gine-ginen laka da dutse da hasumiyoyin tsaro na da. Wanda ba ya son hayar mota yana iya hawa bas ɗin gwamnati daga Dubai, ya biya da Nol, wato katin biyan kuɗin bas da jirgin ƙasa na birnin. Wanda kuma ya ɗauki direba ya tabbatar sun bi hanyar Sharja zuwa Kalba, domin tsohuwar hanyar tana ratsawa ta cikin ƙasar Oman, kuma mai fasfon Najeriya ba zai wuce shingen ba.

Wannan batu na iyaka ya cancanci a tsaya a kansa. Dillalai suna tallar tafiya zuwa Musandam, inda ake shiga jirgin ruwa na katako a bi tsakanin duwatsun da suka gangaro cikin teku, kuma wurin yana da kyau ƙwarai, amma Musandam yankin Oman ne. Zuwa can yana buƙatar izinin shiga Oman, sannan idan bizarka ta shiga sau ɗaya ce, fitarka daga Daular Larabawa ta kashe ta ke nan, alhali kayanka da tikitinka suna Dubai. Kada ka biya kuɗin wannan tafiya sai ka karanta abin da aka rubuta a bizarka da idonka.

Idan kana tare da Hajiya, ko dattijo mai ciwon gwiwa, ko ƙananan yara, Al'ain ta fi dacewa, domin kusan komai a can ana kaiwa gare shi ba tare da wahalar da jiki ba. A tsakiyar garin akwai dausayi mai itatuwan dabino kimanin 147,000, wanda hukumar UNESCO ta sanya cikin wuraren tarihi na duniya a 2011. Manomin rani zai daɗe a tsaye a nan yana kallon yadda ruwa ke tafiya a hankali cikin siraran hanyoyin da ake kira falaj, a toshe wannan baki a buɗe wancan, kowace gona ta sha a lokacinta, a ƙarƙashin inuwar da ke sa mutum ya manta yana cikin hamada. Da la'asar sai a hau Jabal Hafit, dutse mai tsawon mita 1,249, wanda titin kwalta na kusan kilomita 12 ke nannaɗewa har kusa da ƙololuwarsa. A gindinsa akwai maɓuɓɓugar ruwan zafi da filin ciyawa da ake kira Mubazzara, inda iyalai ke shimfiɗa tabarma su ci abinci.

Jabal Jais da ke masarautar Ras al-Khaima na matasa ne da masu son sanyi. Shi ne dutse mafi tsawo a ƙasar, kusan mita 1,900, kuma samansa yakan fi gindinsa sanyi da kimanin digiri 10, don haka a tafi da rigar sanyi idan a Disamba ko Janairu ne. A can aka kafa igiyar nan ta kilomita 2.8 da ake rataya mutum ya zame a sararin sama, wadda aka buɗe a 2018. Tafiyar mota daga Dubai zuwa dutsen ta kai awa biyu, titin kuma yana da kwana-kwana, saboda haka mai yin amai a mota ya sake tunani.

Sai batun yawon sahara, wanda shi ne aka fi tallatawa, shi ne kuma ya fi buƙatar a yi tambaya kafin a biya. Yawancin na yamma suna farawa ne da tseren mota a kan tuddan jan rairayi na Lahbab. Direba zai tsaya a bakin kwalta ya rage iskar tayoyi huɗun, ya ce kowa ya ɗaura bel, sannan ya haye tudu ya gangaro a karkace har rairayi ya rufe gilashi. Mai juna biyu da mai ciwon baya ko na zuciya kada su shiga wannan mota ko da an lallashe su. Bayan tseren akan kai baƙi sansani inda ake kiɗa da rawar mata da shisha, wasu sansanonin ma suna sayar da giya, abin da yawancin mutanenmu ba za su so su tarar ba, musamman idan da iyali. Mafita ita ce a nemi yawon safe, ko a tafi gandun da aka keɓe domin namun daji, kamar Al Marmum, inda ake ganin mariri da barewa da tafkunan Al Kudra. Mai sa'o'i kaɗan kawai ya je Ras al-Khor a cikin Dubai kanta, ya kalli garken tsuntsayen filamingo masu dogayen ƙafafu daga rumfunan da aka tanada, ba tare da biyan ko sisi ba.

Ko ina aka zaɓa, wuri ɗaya ya isa a yini ɗaya, kuma kada a sa shi a ranar jirgi. A tuna cewa tun daga Janairun 2022 hutun mako a Dubai ya koma Asabar da Lahadi, don haka Hatta da Jabal Jais sun fi cika a waɗannan ranaku. A duba hasashen yanayi da safe, domin ruwan sama a duwatsu yakan cika busasshen kwari cikin ƙanƙanin lokaci, kuma a ranar 16 ga Afrilun 2024 an yi ruwan da ƙasar ba ta ga irinsa ba tun da aka fara aunawa a 1949. A tafi da ruwan sha mai yawa da takardun shaida, a yi alwala a gidajen mai na kan hanya tunda galibinsu suna da masallaci, kada a ɗauki hoton kowa, musamman mata, sai da izininsa domin doka ta hana, sannan a ajiye lambar 'yan sanda 999 da ta motar asibiti 998 a waya kafin a bar masauki.