Yadda za ka tantance labarin sabon binciken kimiyya

Fara da neman asalin takardar. Mujallu irin su Nature da Science ba sa buga aiki sai masana sun tace shi, amma abin da ke arXiv, shafin intanet da masu bincike ke ɗora takardunsu, sau da yawa bai bi ta wannan mataki ba tukuna. Duba a kan me aka yi gwajin, domin sakamakon ɓeraye ba lallai ya tabbata a jikin mutum ba.

Mafi muhimmanci, jira wasu ɗakunan gwaji su maimaita. A Yulin 2023 masu bincike a Koriya ta Kudu suka ce lantarki na ratsa wani sinadari da suka haɗa mai suna LK-99 ba turjiya a zafin ɗaki. Cikin makonni aka gano wani haɗin jan ƙarfe da farar wuta da ya gurɓata sinadarin ne ya ruɗe su.