Kurakuran da Bahaushe ya fi yi wajen koyon sunayen dangi da Amhariyanci

Mai koyon Amhariyanci, harshen aikin gwamnatin tarayyar Habasha, yakan haddace abbat (uba), innat (uwa), wendim (ɗan'uwa) da ihit ('yar'uwa) a zama ɗaya. Matsalar tana farawa ne idan ya zo haɗa su da tsarin dangantakar da ya tashi da shi.

Bahaushe ya saba raba kawu da baffa, goggo da inna, don haka sai ya yi ta neman kalmomi huɗu. Biyu ne kawai: aggot ga ɗan'uwan uwa ko na uba, akist ga 'yar'uwar ko wannensu. Haka wa da ƙane duk wendim ne. In ana son bambancewa sai a sa tallaƙ (babba) ko tannash (ƙarami) a gaba: tallaƙ wendim, tannash ihit. Ayat kuwa kamar "kaka" take, ta haɗa namiji da mace, lij ma ɗa ne ko 'ya. Wend da set ke fayyace jinsi: wend lij, set lij, set ayat.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne jerin kalmomi. Hausa tana cewa "ɗan kawuna", ɗan ya fara zuwa. Amhariyanci yana farawa da mai abin, da ɗafin ye- a gabansa: ye-aggote lij, wanda a baki ake jin sa yaggote lij. Jika yelij lij ne, ɗan 'yar'uwata kuma ye-ihite lij. Wanda ya ce lij yaggote ya juya maganar. Maganinsa a riƙa karanta jimlar Hausar daga ƙarshe zuwa farko kafin a furta, har bakin ya saba.

Ɗafin mallaka ya kamata ya zo mana da sauƙi, tunda muna da mahaifinka da mahaifinki. Abbate babana, abbatih babanka, abbatish babanki, abbatu babansa, abbatwa babanta. Duk da haka masu koyo suna riƙe -ih su yi ta jefa wa mata. Ga dattijo ko baƙo kuwa, dukansu biyu ba su dace ba, abbatwo ake cewa. Aikatau ma yana ɗaukar girmamawa: "Innatish dehna nachew?" wato ko mahaifiyarki suna lafiya, da nachew na jam'i, ba nat na tilo ba. Matar wani kuma, mist daidai ne a ƙamus, amma a gaban mutane balebet ta fi ladabi, kuma tana aiki ga miji ma.

Rubutun fidel, wato haruffan Amhariyanci, ba ya nuna ninkin baƙi. An rubuta አባት da ባ guda, amma abbat ake furtawa. Wanda ya san bambancin baba da babba ba shi da uzuri a nan: ya rubuta ninkin da kansa a littafinsa bayan ya ji daga bakin ɗan ƙasa. Harafin ቅ kuma ƙ ɗinmu ne sak, kamar a ƙidme ayat (mahaifin kaka ko mahaifiyar kaka), ko da littattafai sun rubuta shi da q.

A surukuta ana rikita amat da amach. Amat uwar miji ce ko ta mata, amach suruki namiji, mirat matar ɗa. Injera innat matar uba ce, kada sunan injera, gurasar Habashawa, ya ruɗe ka.

Sai suna. Habashawa ba su da sunan iyali, sunan uba ke bin na mutum, mace ma ba ta ɗaukar na miji. A sunan Abiy Ahmed, wanda ya zama Firaministan Habasha a 2018, Ahmed mahaifinsa ne. Saboda haka Ato (Malam) da Weyzero (Malama, ga matar aure) suna tafiya da sunan farko, ba da na biyu ba.