Kurakuran da aka fi yi wajen riƙo da ɗaukar bindigar toka

Bindigar toka, wadda wasu ke kira harbi-ka-ruga, ta bambanta da bindigar zamani ta wata fuska mai muhimmanci: ba a iya buɗe ta a leƙa a ga ko da ɗuri a cikinta. Daga nan ne da yawa daga cikin haɗurranta ke tasowa, ko a hannun mafarauci ko a hannun 'yan bindigar sarki ranar hawan Sallah.

Wani babban kuskure shi ne mutum ya dogara da tunaninsa cewa ya riga ya harba. Mafarauci yakan dawo daga daji da ɗurarriyar bindiga, ya rataye ta a ɗaki, bayan mako biyu ya manta ya ƙara wani ɗurin a kan na farko, kuma irin wannan ɗuri biyu yana iya tsaga bututun a hannun mai harbi. Kauce wa wannan kuskure ba shi da wuya. A zura sandar ɗuri cikin bututun lokacin da aka tabbata babu komai a ciki, a yi mata shaida daidai bakin bindiga, ta yadda duk ranar da shaidar ta tsaya sama da bakin, an san akwai abu a ciki.

Sai zuba albarushi kai tsaye daga ƙaho ko gora jim kaɗan bayan harbi. Sau da yawa ɗan garwashi yakan saura a gindin bututun, idan kuwa ya kama, wutar za ta bi albarushin har cikin gorar da ke hannu. Abin da ya dace shi ne a goge cikin bututun da tsumma mai ɗan danshi, a auna albarushin a wani ƙaramin ma'auni dabam, a rufe gorar, sannan a zuba, tare da kawar da fuska da yatsu daga saitin bakin. Mai shan taba kuwa ya nisanci wurin. Haka nan harsashin da aka tura dole ne ya zauna daram a kan albarushin, domin gurbin iska tsakaninsu yana kumbura bututu ko ya fasa shi.

Akwai kuma masu farke harsashin zamani su juye garin cikinsa a bindigar toka, suna ganin duk albarushi ɗaya ne. Wannan ganganci ne tsagwaronsa, domin ƙarfin wancan garin ya wuce abin da bututun maƙeri zai iya ɗauka.

Idan aka ja kunama bindiga ta ƙi tashi, musamman da damina lokacin da albarushi ke shan sanyi, kada a juyo da ita a leƙa, domin wutar tana iya ci a hankali ta tashi daga baya. A ci gaba da nuna bakinta inda babu kowa na aƙalla minti guda. Albarushin da ya jiƙe kuma ba a shanya shi kusa da murhu.

Wajen ɗauka, bai kamata a hau babur ko a tsallake darni da bindiga a ɗane ba, kuma ba a jawo ta ta baki ko a dogara ta a ƙasa kamar sanda, saboda laka tana toshe bututu ba tare da an lura ba. A filin hawa ma, inda ake harba albarushi zalla ba harsashi, wuta da tsumman toshi suna fita da ƙarfin da zai ƙona fuska ko ya lalata ido, don haka bakin bindiga sama yake kallo, nesa da mutane da dawakai, har a sauka.