Darasi na 7: Yadda Ake Ƙirga Idda Bayan Saki

Idda ita ce lokacin da shari'a ta ɗora wa mace ta jira bayan mijinta ya sake ta, kafin ya halatta a ɗaura mata aure da wani. Mutane da yawa sun ɗauka cewa kowace idda wata 3 ce, alhali wannan lissafin na wasu mata ne kawai, wato wadda ta daina ganin al'ada saboda shekaru da wadda ba ta fara ba, kamar yadda ya zo a Suratuɗ Ɗalaƙi, aya ta 4. Ayar ta kuma ce mai ciki iddarta ita ce haihuwa, ko da washegarin sakin ta sauka. Wadda aka saka kafin miji ya sadu da ita kuwa babu idda a kanta.

Matar da take ganin al'ada kuwa, da tsarki take ƙirgawa. A mazhabar Malikiyya, wadda akasarin mutanen ƙasar Hausa suke bi, an fassara aya ta 228 ta Suratul Baƙara da tsarki 3. Idan an sake ta tana cikin tsarki, abin da ya rage na wannan tsarkin, ko yini ɗaya ne, shi ne na farko. Sai jini ya zo ya ɗauke, ta shiga na biyu, sai ya sake zuwa ya ɗauke, ta shiga na uku, kuma da zarar ta ga jini na uku iddarta ta cika. Saboda haka wata takan gama kafin wata 3, wata kuma ta zarce. Mai shayarwa wadda al'adarta ta ɗauke ita ce aka fi yi wa kuskure, domin a wannan mazhaba ba watanni za ta ƙirga ba, jiran dawowar jinin za ta yi ko da an daɗe, kuma ya kamata ta kai maganarta wurin malami ko alƙali. Amfanin iya rubutu a nan shi ne mace ta sa ranar sakin da ranar zuwan kowane jini a takarda.

Aya ta farko ta Suratuɗ Ɗalaƙi ta hana miji fitar da matar daga ɗakinta, ta kuma hana ta fita, amma abin da aka saba gani shi ne a miƙa mata takarda, kafin magariba ta kwashe kaya ta koma gidan iyayenta. Wannan al'ada ce da ta saɓa wa nassi, kuma tana toshe hanyar sulhu. Idan saki ɗaya ne ko biyu, ci da sha da sutura da muhalli duk suna wuyan miji, yana da damar yin kome ba tare da sabon sadaki ba, kuma idan ya rasu a cikin iddar za ta gaje shi, ta koma takaba ta wata 4 da kwana 10. Wadda aka yi wa saki uku tana da haƙƙin muhalli, amma ciyarwa ba ta hau kan mijin ba sai idan tana da ciki.

Ba a fara zawarci a cikin idda, kuma auren da aka ɗaura a lokacin ɓatacce ne. Idan har angon ya sadu da ita kafin iddar ta cika, malaman Malikiyya sun ce ta haramta gare shi har abada.